Ranar da Hausata Ta Hana Ni Shiga Majami'a a Agyaragu

Mun tashi daga Zariya da asubar Alhamis, ladanai ba su ma gama kiran salla ba. Mu uku ne a tsohuwar motar ƙanena: shi yana tuƙi, ni ina gefensa, uwargida tana baya da kular dambu da jarkar ruwa. Tunda da yawanku kun yi ta tambayata yadda tafiyar Lafiya ta kasance, bari in ba ku labarin tun daga farko.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Istifanus. Bahaushe ne ni gaba da baya, ɗan wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma kakana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Na yi shekaru ina koyar da Littafi Mai Tsarki kafin in aje aiki. Wani tsohon ɗalibina, Fasto Ayuba, shi ke riƙe da wata ƙaramar ikilisiya a bayan Agyaragu, kudu da Lafiya. Shi ya roƙe ni in zo makon Ista in yi musu koyarwar kwana biyu a kan ƙasar da Yesu ya rayu a cikinta. Wannan kuwa fanni ne da nake ji da shi. Na yi kusan wata guda ina shiri, har na zana taswira a babban kwali, Galili a sama, Samariya a tsakiya, Yahudiya a ƙasa, kogin Urdun yana gangarowa ta gefe. Uwargida ta ce ko lokacin aurenmu ban yi irin wannan rawar ƙafa ba.

Mun bi ta Kaduna, muka karya zuwa Kaciya, daga nan Kafancan da Gwantu. Hanyar akwai wuraren da take santsi har mutum ya fara gyangyaɗi, akwai kuma inda ƙanena yake kewaya ramuka kamar mai tallar goro a kasuwa. Daga Kaciya ƙasa ta fara sauya kama. A gida mun baro gonaki a bushe ana jiran ruwa, a nan kuwa an riga an samu ruwan farko, ciyawa ta fara kore. Ko'ina aka tsaya sai ƙamshin citta. Shingayen jami'an tsaro ma ba su da iyaka, amma da sun leƙo sun ga furfura sai su ce a sauka lafiya.

A Akwanga muka tsaya cin dambu. Mangoro ya yi arha har ya ba ni mamaki, abin da za ka biya a Zariya a ba ka biyar, a nan shi za a cika maka kwano. Wata mata mai tire ta matso ta ce, "Baba, ka saya, matarka zai ji daɗi." Halin malanta ya motsa, na ce mata ai "za ta" ake cewa. Ta dube ni ta ce ko zai ko za ta, mangoron dai ɗaya ne. Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sayi kwano biyu.

Daga Akwanga hanya ta shiga tsakanin duwatsun Eggon, tana lanƙwasa tana gangara. Duwatsun suna da kyau ƙwarai, amma ƙanena bai bari na yi masa hirar su ba, saboda manyan motocin da ke sauka a bayanmu. Da muka fito fili sai zafi ya tarye mu. Zafin Lafiya ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu kuwa mai ɗanko, riga tana manne wa mutum a baya ko yana zaune a inuwa.

Da la'asar muka isa Azuba, kafin a shiga cikin gari, inda sababbin gidaje ke ta tsirowa a tsakiyar gonaki. A nan masaukinmu yake, gidan Alhaji Bukar, abokina tun muna samari muna koyarwa a sakandare ɗaya. Musulmi ne, asalinsa Babarbare, kuma tun da na gaya masa zan zo ya ce in na kuskura na kwana a otal kada in ƙara kiran sa. Hajiyarsa ta yi mana biski da miyar yakuwa, ta ce shi kaɗai ne abin Barno da ya rage a gidan. Bayan ya dawo daga magariba muka zauna a tsakar gida, na buɗe masa kwalina. Ya daɗe yana dubawa, ya ce bai taɓa sanin garin Annabi Isa yana da nisa haka da birnin Ƙudus ba. Sannan ya ba ni labarin wani biki da ya je Maiduguri. Suka ga tsagar fuskarsa suka yi ta zuba masa Barbarci, shi kuwa ko amsa gaisuwa bai iya ba, suka koma kiran sa Afuno, wato Bahaushe. In kuma ya je Kano, sai a ce ga Babarbare mai Hausar kudu. Ya ce shi yanzu ya daina wahalar da kansa, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ɗan Lafiya ne, wanda bai gane ba ya zo ya gani.

Da safiyar Jumma'a na sa babbar riga fara da hula zanna, na ɗauki jakata. Muka ratsa cikin gari, 'yan acaɓa da masu keke kamar za su hau kan motar, muka kama hanyar Makurɗi. Kafin Agyaragu muka fara ganin tuddan doya da aka tara a gonaki, jere reras, kowanne da ɗan ganye a kansa kamar hula. Muka sauka daga kwalta muka bi jar hanya har muka ji kiɗan ganga.

Majami'ar ginin bulo ce da rufin kwano, an kewaye ta da katanga. A bakin ƙofa akwai maza uku suna duba masu shiga, babbansu wani dattijo ne dogo, baƙi, mai furfura a gemu. Na matsa na yi sallama irin tamu, na gaishe su da aiki. Ina rufe baki na ga fuskar dattijon ta canja. Ya tambaye ni wa nake nema. Na ce Fasto Ayuba. Ya ce fasto ya tafi ɗauko kujeru. Ya tambayi sunana, na faɗa, ya dubi hulata ya dubi rigata, ya ce bai taɓa ganin Istifanus mai irin wannan baki ba. Ya sa na buɗe jaka, ya juya kwalina gaba da baya, taswirar ma kamar ta ƙara masa zargi. Mutane suka fara taruwa. Na kira wayar fasto, ba ta shiga. Daga ƙarshe dattijon ya ce, in dai ni mai bi ne, in karanta masa Addu'ar Ubangiji da ka.

Ban san irin fushin da ke cikina ba sai ranar. Addu'ar da kakata ta koya mini ina ɗan shekara huɗu, wadda na koya wa ɗaruruwan ɗalibai, ita za a sa ni karantawa a bakin titi kamar wanda aka kama da kayan sata. A gida danginmu Musulmi sun sha ce mana mun bar Hausa mun bi baƙi, ga shi a nan kuma 'yan'uwana a bangaskiya sun ce Hausata ta yi yawa. Na karɓe jakata na koma mota, na ce wa ƙanena ya tayar mu tafi. Da gaske nake yi.

Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, yini guda muka yi a hanya. Ba za mu koma Zariya saboda hula ba." Ta buɗe ƙofa ta fita. Ashe zanen zumuntar mata ta ikilisiya ne a jikinta, irin wanda matan wurin ma suke ɗaure da shi. Suna ganin ta suka yo kanta da guɗa, suka rungume ta, babu wanda ya tambaye ta ko da suna. Ina zaune a mota ina kallo, zane ya shige, babbar riga ta maƙale a waje. Ana cikin haka sai ga fasto a kan babur, an ɗauro kujerun roba a bayansa. Da ya ji abin da ya faru ya zo ya durƙusa a gefen mota yana ba ni haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai gaya musu irin baƙon da ke tafe ba. Dattijon, wanda na ji ana kira Baba Terna, ya matsa gefe ya ba ni hanya. Na wuce ban dube shi ba.

Na kafa kwalina a bango na fara koyarwa, raina bai gama hucewa ba. Na nuna musu Galili, ƙasar masunta da manoma, da Urushalima can a kan tuddai, tafiyar kwanaki a ƙafa. Na zo kan labarin Bitrus a daren da aka kama Yesu, yadda ya bi daga nesa har tsakar gidan babban firist, ya zauna jin ɗumi cikin bayi, wata baranya ta gane shi ya musa, daga baya waɗanda ke wurin suka ce lalle shi ma na Yesu ne, don bakinsa na mutanen Galili ne. Ya rantse bai san mutumin ba, zakara ya yi cara. Sai na kawo maganar da na fi so a duk koyarwar, wadda kullum take burge ɗalibaina a gida. Na ce Galili arewa take, saboda haka Yesu da almajiransa 'yan arewa ne kamar mu. Na faɗa da ɗan ƙarfi, ina kallon wajen ƙofa.

Babu wanda ya motsa. Can sai shugabar zumuntar mata, 'yar Alago mai sana'ar agushi, ta ɗaga hannu. Ta tambaye ni ko a Galilin nan yare ɗaya ake yi ko da yawa. Na ce ai wuri ne da aka gauraya, akwai Yahudawa, akwai wasu al'ummai, fatake suna ratsawa, shi ya sa ma mutanen Urushalima suke ganin bakinsu a karkace yake, suna raina su.

Ta ce, "To Malam, ai mu ne Galili ke nan. Kai da Hausa naka mai kyau, kai ne mutumin Urushalima."

Majami'a ta ɗauki dariya, har da uwargida. Matar ta ci gaba da cewa duk sanda ta kai kaya Kano, da ta buɗe baki sai a kwaikwaye ta, wani ma sai ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ta ce ita ta san yadda Bitrus ya ji a bakin wutar nan, mutum yana so ya yi shiru ya ɓace cikin jama'a, amma dole ya yi magana, in ya yi kuma an san daga inda ya fito. Na tsaya da sandar nuna taswira a hannu. Shekara da shekaru ina karanta taswirar nan daga sama zuwa ƙasa, ban taɓa tambayar kaina wa ake yi wa dariya a cikinta ba. Na ce mata ta fi ni gaskiya, kuma ba don ladabi na faɗa ba.

Ranar Asabar na aje rabin abin da na shirya, na ce su ma su yi magana. Mutane da dama suka faɗi albarkacin bakinsu, wani manomi ɗan Migili ma ya gyara mini yadda nake fassara misalin mai shuka, ya ce wanda bai taɓa noma a kan dutse ba ne yake zagin iri. Dab da tashi sai Baba Terna ya bar bakin ƙofa ya shigo har gaba. Ya ce shi Tibi ne, daga kwarin Binuwai iyayensa suka zo noma nan, kuma yana da abin da bai taɓa faɗa a majami'a ba.

Shekarun baya, lokacin wani rikici da aka yi a yankin, suna dawowa daga kasuwa a motar haya shi da ɗan kawunsa. Wasu matasa suka tare hanya suna neman Tibi. Aka sa kowa ya yi magana. Ɗan kawun nasa ne ya fara, suka gane shi, suka ja shi ƙasa. Suka juyo kan Baba Terna suka tambaye shi ko tare suke. Ya ce bai san shi ba. Suka ce ƙarya ne, ga bakinsa nan irin na wancan. Ya rantse. Sai wani ɗan kasuwa Musulmi daga cikin garin Lafiya, wanda bai taɓa gani ba sai a motar, ya dafa kafaɗarsa ya ce wannan mutumin gidansa ne, shi ke yi masa noma, duk wanda zai taɓa shi ya fara da shi. Motar ta wuce. Mutumin ya ɓoye shi a gidansa har ƙura ta lafa.

Ɗan kawun bai mutu ba. An karya masa ƙafa, wasu mata suka tsince shi a gona. Baba Terna ya ce ya yi wata bakwai yana kewaye gidan ɗan kawun, bai iya shiga ba, sai ran nan ya dawo daga gona ya tarar da ɗan kawun zaune a ƙofar ɗakinsa da sanda, yana cewa yunwa yake ji.

"A hanya, da Hausa na ce ban san shi ba," in ji Baba Terna. "A gida, da Tibi na roƙe shi gafara. Shi ya sa da Yesu ya tashi, ya ce almajiransa su koma Galili su same shi. Ya san Bitrus ba zai iya wannan magana a Urushalima ba. Sai a gida, inda babu mai dariyan bakinsa."

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, jiya na ji bakinka na yanke maka hukunci, yadda aka yi mini. Ka yafe ni."

Na tashi na riƙe hannunsa. Na ce ni ma ina da nawa. Na gaya musu yadda sau da yawa a motar haya ake kira na Alhaji in yi shiru in more, da ranar da wani ɗan ikilisiyarmu ɗan kudancin Kaduna ya gaishe ni da ƙarfi a tasha cikin sunan Ubangiji, na amsa masa can ƙasan maƙoshi na kau da kai, don kada na kusa da ni su gane. Babu mai sanda a kaina ranar, kunya ce kawai. Ko uwargida ba ta taɓa jin wannan ba sai a wurin. Fasto ya yi addu'a, muka fito, aka kawo kunun gyaɗa a manyan robobi.

Lahadin Ista ban yi wa'azi ba, na ce a bar ni in zauna in saurara. An karanta labarin matan da suka je kabari da sassafe cikin harsuna biyar, da Migili, da Tibi, da Eggon, da Alago, sannan aka miƙo mini in karanta na Hausa. Rawa kuwa ba a magana, har ƙanena da ke cewa gwiwarsa na ciwo sai da aka ja shi fili. Bayan an tashi Baba Terna ya ce dole mu ci abinci a gidansa. An daka sakwara mai laushi da miyar agushi da busasshen kifi, aka zuba mana kamar za mu kwana muna ci. Ɗan kawun nasa yana nan, gajere mai yawan barkwanci, yana ɗingishi. Ya ce tun da ƙafar ta karye ya huta da noman doya, ya bar wa Terna, shi aikinsa ci. Suka yi ta tsokanar juna da yarensu, ba na jin ko kalma ɗaya, amma ban ji ni baƙo ba ne.

Da yamma na ba Alhaji Bukar labarin ɗan kasuwar nan. Bai yi mamaki ba. Ya ce a lokacin gidaje da yawa sun yi haka, a ɓangarorin biyu, sai dai ba su ne ake ba da labarinsu ba.

Mun kamo hanyar gida da safiyar Litinin, bayan mota cike da doya da ridi da aka haɗa mana, har ƙanena yana ƙorafin tayoyinsa. Ruwa ya same mu a tsakanin duwatsun Eggon, muka rage gudu, bai ɗauke ba sai Gwantu. Mun shiga Zariya ana shirin magariba, a gajiye, amma lafiya lau, mun gode wa Allah.

Na je Lafiya da niyyar koya wa mutane inda Galili take, na dawo na san ashe ban gama sani ba. Kowa daga ƙasarsa yake karanta bishara, kuma akwai abin da mai sayar da agushi da manomin doya suke gani a ciki wanda ni, da duk karatuna, ba zan gani daga Zariya ba. Na kuma gane cewa zafin da na ji a bakin ƙofar nan na ɗan lokaci, wasu da shi suke kwana suke tashi, wani sa'in ma a hannun irina. Ina godiya ga Fasto Ayuba da jama'arsa, da Alhaji da Hajiya da suka riƙe mu kamar 'yan gida, da matar da ta ƙi bari a juya mota.

Da muka sauke kaya na kira Baba Terna in gaya masa mun iso. A hanya na yi ta haddar yadda ake godiya da Tibi, wanda fasto ya rubuta mini a takarda, sai na tattara ƙarfina na faɗa masa. Ya fashe da dariya, ya ce in sake. Na sake. Ya kira ɗan kawunsa ya miƙa masa wayar, shi ma ya ce in sake, suka yi ta ƙyaƙyatawa, wai Hausa ta cika mini baki, kalmar ba ta samu wurin zama ba. Suka ce in dawo lokacin sabuwar doya su gyara mini. Na ce in Allah ya kai mu zan zo. Ban taɓa jin daɗin a yi wa bakina dariya irin na ranar ba.